Wandunan da Na Sa wa Baba a Jaka

Tun da Baba ya yi aure bai taɓa sayen wandon ciki da kansa ba, ban kuma taɓa jin sunan abin ya fito daga bakinsa ba. Mama ce take ɗinka masa. Tana da tsohon keken ɗinki na ƙafa a lungun ɗakinsu, a gidanmu na unguwar Kalley a Yamai, kuma duk shekara in Kirsimeti ta gabato sai ta yanko farin yadi mai kauri a Babbar Kasuwa, ta turo ƙofa, mu ji keke yana ƙara. Mun san abin da ake ɗinkawa, amma ba mai tambaya. In ta wanke su ba ta shanya su a igiyar tsakar gida. Can bayan ɗaki take kai su, ta yafa musu zane a kai. Na girma ina ganin zanen nan yana ɗigar da ruwa, na san na Baba ne a ƙarƙashinsa.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya tashi a gidan mutanenmu na wajen Dogondutsi ya san abin da wannan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son in kawo masa ruwa, sai ya dubi bango ya ce, "Ashe gidan ga babu ruwa?" Mu Kirista ne, shi kuma malamin makaranta ne da ya yi shekara da shekaru yana koyar da Faransanci, har unguwa ta manta sunansa, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Amma boko da majami'a duk ba su taɓa wannan kunyar ba. Ƙanena yana iya zama kusa da shi su yi gardamar ƙwallo har da tafawa. Ni kuwa tsakanina da shi sai gaisuwa da kallon ƙasa, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba.

Na zama ma'aikaciyar jinya. Da ciwon sukari ya kama shi, ni nake zuwa in huda masa yatsa in auna jini. Sai ya miƙo hannu ya kau da kai yana sauraron rediyo, kamar hannun ba nasa ba ne. Iyakata da jikin Baba ke nan, daga yatsa zuwa gwiwar hannu.

Mama ta rasu cikin damina, muka binne ta a nan Yamai. Yayanta guda ya rage a duniya, tsoho makaho a wani ƙauye gaba da Dogondutsi, bai iya zuwa jana'iza ba. Da ruwa ya ɗauke, rannan bayan sujada Baba ya tara mu ya ce zai je ya yi wa mutumin nan gaisuwa, kuma da ƙafa zai je. Ya ce da ƙafa ya shigo Yamai yana saurayi, a bayan masu jakuna, kuma daga hannun wannan mutumin ya karɓi matarsa. Ba zai sauka daga mota da ƙamshin turare ya ce masa ga shi ta mutu a hannunsa ba.

Aka yi ta fama. Fasto ya zo, dattawan majami'a suka zo, aka ce shekaru, aka ce ciwon sukari, aka ce hanya ba kamar da ba ce. Baba ya saurare su duka da ladabi, ya raka su bakin ƙofa, ya dawo ya ci gaba da shafa wa takalminsa mai. Abin da aka samu kawai shi ne ya yarda ƙanena ya bi shi da moto, wato babur, yana ɗauke da ruwa da tabarma da magani, su riƙa tafiya da safe da yamma, su kwana gidajen 'yan'uwa na majami'a da ke kan hanya.

Kowa hankalinsa yana kan takalmi da rana da shingen jandarma. Ni hankalina yana kan ɗinkin Mama. Na san yadda take yi. Ba ta son abu ya yage, saboda haka sai ta ninka yadin a tsakiya, ta bi shi da keke, ta sake ninkawa ta sake bi, har ɗinkin ya tashi kamar igiya, daidai inda cinya ke haɗuwa da cinya. A gida, ga mai tafiya daga kujera zuwa majami'a, ba laifi. Amma a wurin aiki na ga abin da doguwar tafiya ke yi wa wannan wurin. Na wanke samarin da aka koro daga arewa suka tako hamada da ƙafa, na wanke sababbin sojoji. Ƙafa kowa yake nuna maka da farko. Sai ka matsa musu sannan su sauke wando, ka tarar fata ta saɓule, yadi ya manne a cikin nama. Auduga tana shan zufa ta riƙe, ta yi nauyi, gishirin jiki ya bushe a kanta, sai ta koma tana gurzar mutum a kowane taki. Su samari ne, suna warkewa. Mai ciwon sukari kuwa ƙurji ɗaya ya ishe shi.

Sai na tafi Babbar Kasuwa. Na wuce 'yan bosho masu kayan gwanjo, don ba zan sa wa ubana abin da wani ya sa ba, na shiga layin masu sababbin kayan maza. Mace mai shekaruna tana ɗaga wandon ciki na maza sama tana duba shi a hasken rana, ai kun san an samu abin kallo. Mai shagon wani Bazabarme ne mai fara'a, Hausarsa ta kasuwa ce.

"Fofo, Madam. Kalson na maigida ne? Ga mai ja, ga mai zanen damisa, zai gode miki."

Na ce masa na wani tsoho ne mai tafiyar ƙasa, ya ajiye damisarsa. Ban san faɗin ƙugun Baba ba, ina zan sani? Dogon wandonsa na majami'a na auna da taƙi a kan igiya, ranar da ba ya gida, da wannan awon na zo. Na ƙi masu auduga zalla, na ƙi ƙananan nan da suke tsayawa a matsematsi su yi ta yanka, na ƙi masu faɗi da suke naɗewa. Ina neman mai ƙafa doguwa wanda zai rufe cinya ya kama ta ba tare da ya matse ba. Duk wanda na ɗauka sai na juya cikinsa waje, na bi ɗinkin da babban yatsa ido rufe. In na ji tudu, na ajiye. Da na ware iri biyu, baƙi da fari, sai na fasa ledar ruwan da ke hannuna na ɗiga wa kowanne, na shimfiɗa su a kan teburinsa na tsaya.

"Madam, wanki za ki yi mini a shago?"

"Bari in ga wanda zai riga bushewa."

Ya tafa hannu ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga ikon Allah. Suka yi ta dariya, ni ko a jikina. Baƙin ya bushe, ɗayan yana nan jiƙe. Na ɗauki baƙin guda uku: ɗaya a jiki, ɗaya a wanke, ɗaya yana jira. A gidana na wanke su don ƙarfin sabunta ya fita, na naɗe su tare da ɗan gwangwanin man kaɗanya na shafawa a cinya kafin a kama hanya. Har nan aikin mai sauƙi ne, aikin da na iya.

Na kai wa ƙanena na ce ya ba Baba, ya yi masa bayani. Ya buɗe leda, ya leƙa, ya mayar da sauri kamar ya ga kunama.

"Yaya, ni in ce wa Baba mi? In ce masa ga kamfai? Ke ce likita, ke ki faɗa masa."

Mutum mai mata da 'ya'ya, mai gemu, ya tsaya yana ƙyalƙyala dariyar kunya a gabana. Na zage shi tas, ya ce ya ji, amma ba zai iya ba.

Ana jibi za su tashi na sami Baba a gindin dalbejiya da rediyonsa. Na auna masa jini. Ban tashi ba kamar yadda na saba, na zauna a bakin tabarma, ledar tana cikin jakata. Na rasa ta inda zan fara, ni da nake tuɓe manyan mutane a kan gadon asibiti ba tare da na ƙifta ido ba.

"Baba, doguwar tahiya tana cin fata."

"Takalmin na da kyau," ya ce wa rediyo.

"Ba ƙahwa kaɗai ba. Akwai inda tufa ke gurzawa, in zufa ta yi yawa."

Na ga kunnensa ya motsa, na san ya gane sarai. Sai ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo, ya ce, "Ashe yau ba a zuwa aiki?" Wannan ita ce sallama. Na tashi. Da ya fita sallamar maƙwabta na shiga ɗakinsa, na cusa ledar can ƙasan jakarsa, ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, inda dole ya gani.

Suka tashi da sassafe. Fasto ya yi addu'a, matan zumunta suka yi waƙa a ƙofar gida, Baba ya kama sanda ya miƙe hanyar Doso, moto yana binsa a hankali. Bai waiwayo ba. Da aka watse na shiga in share masa ɗaki. Wandunan suna nan a kan keken Mama, su uku, an fitar da su daga leda an ninke su ninki mai kyau, wanda ya fi nawa. Man kaɗanyar ne kawai ya ɗauka.

Ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni har wuya. Na kira ƙanena na ce ya juyo da moto ya karɓa, ba su yi nisa ba. Ya ce ko ya karɓa ya kai wa wa? Na ce to ya sa ido a kan tafiyar Baba, in ya ga ya fara buɗe ƙafa yana takawa, ya tsayar da shi ko da faɗa ne.

Kwanakin farko labari mai daɗi ne. Baba yana waƙoƙin majami'a a hanya, yana gaya wa ƙanena sunayen garuruwa da inda suka taɓa shayar da jakuna. Duk inda suka sauka ana yanka musu kaza. Zafin kaka ne, irin wanda iska ba ta motsi, riga tana mannewa a baya tun hantsi. Wajen Birnin Gaure ƙanena ya ce tafiyar ta sake, Baba yana ɗan gwale ƙafa. Ya tambaye shi, ya ce gwiwa ce. Na ce ƙarya ne, ba gwiwa ba ce, ba shi waya. Baba ya karɓa ya ce lafiya lau, a gaida yara, ya miƙa masa abarsa.

Sai daga baya ƙanena ya gaya mini sauran, yana kuka. Baba da kansa yake wanke wandunan nasa a makewayi, amma ba ya shanyawa. A gidan mutane yake, ga matan gida suna kai da kawowa a tsakar gida, ina zai rataya irin wannan? Sai ya matse shi da hannu ya mayar jikinsa da danshinsa, ko ya cusa shi jiƙe a jaka ya ciro na jiya wanda shi ma bai bushe ba. Haka ya yi ta tafiya, jiƙaƙƙiyar auduga da ɗinkin Mama suna aikinsu. Bayan Doso zazzaɓi ya kama shi, ya ce na sauro ne, ya sha ƙwaya ya ci gaba. Bai kai Dogondutsi ba. Ya zauna a gindin wata bishiya a bakin kwalta ya ce zai huta, bai sake miƙewa da ƙafarsa ba. A ƙaramin asibitin da aka fara kai shi suka ɗaga zane suka duba, suka ce a wuce da shi Yamai yanzu.

Asibitin da nake aiki aka kawo shi. Tun daga baranda na ji warin, na kuwa san shi, don ba a manta shi. Ciwon ya ci daga matsematsi ya hau har mara. Likitoci suka shiga da shi suka yanke abin da ya mutu, bayan kwana kaɗan suka sake shiga suka ƙara yankewa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara roƙon majo, shugaban ma'aikatan ɗakin, shi ne kada a bar ni in shiga lokacin wankin ciwo. Abokan aikina maza suka riƙa yi. Ni sai in kawo kunu, in auna jini a yatsa, in fita in tsaya a baranda ina jin nishinsa ta taga.

Wata Lahadi da rana aka yi babban haɗarin mota, aka kwashe duk mazan zuwa ɗakin gaggawa. Ƙanena ya fito ya ce mini bandejin ya jiƙe har katifa, Baba yana rawar ɗari. Na duba hagu da dama, ba kowa sai wata ɗaliba da ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Na ce kunya ta ci abin da za ta ci, ta ishe ni haka. Na sa safar hannu, na turo teburin kayan aiki, na kori ƙanena, na ja labule.

Baba ya ga ni ce. Zanen Mama yana kan matashinsa, wanda ya sa aka kawo masa daga gida. Ya jawo shi a hankali ya rufe fuskarsa duka. Na ɗaga mayafi na fara kwance bandeji. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Hannuna ya san aikinsa, shi ya yi ta yi, ni ina wani wuri.

Can sai na ji muryarsa daga ƙarƙashin zane, irin muryar da yake yi wa baƙi.

"Madam, sannu da aiki."

Na ce, "Yawwa, Mushe. Ka yi haƙuri, zai yi zafi kaɗan."

"Hannunki na da sauƙi. Ina da ɗiya mai irin aikin ga naki."

Na tsaya da auduga a almakashi. Sannan na ci gaba da wankewa, na ce Allah ya raya ta.

"Ita ce babba. Ta saya mini wasu kaya da zan yi tahiya, ta sa mini a jaka. Na gan su. Masu kyau ne, na taɓa na ji babu ɗinki." Ya ja numfashi, don na kai wurin da ya fi ciwo. "In kin gan ta, ki ce mata na gani."

"Mi ya hana ka sa su, Mushe?"

Na yi tambayar da ƙarfi fiye da yadda ake yi wa majinyaci. Zanen yana hawa yana sauka a kan bakinsa.

"Wanda ke jikina uwarta ta ɗinka, na ƙarshe ke nan. Wurin yayanta za ni, na ce in je da shi." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ɗiya ce. Yaya zan sa abin da ɗiyata ta auna ni da ido ta saya?"

Ina da amsa, tana bakina, mai zafi. Ina so in ce masa ga shi yanzu ɗiyar tana kallon abin da ya fi wando. Ina so in ce da tun a gindin dalbejiya ya ja zane ya rufe fuska ya kira ni Madam, da mun yi wannan maganar cikin minti kaɗan, da yanzu yana zaune gaban surukinsa. Ban ce ba. Na ce masa ɗiyarsa za ta ji saƙo, ya ɗaga ƙugu kaɗan in zagaya da bandeji. Ya ɗaga. Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi da ubana.

Daga ranar bai sake hana ni ba. In na turo teburi sai ya ja zane, ya ce Madam ta iso. Ya ba ni labarin ɗiyarsa da yawa: ranar da aka haife ta ya kasa shiga ɗakin don kunyar surukai, ya yi ta zagaya gida, ranar da ta ci jarrabawa ya je bayan makaranta ya yi rawa shi kaɗai. Ina ji ina yanke mataccen nama. Na yi murna, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda, har yau ban raba su ba. Ciwon kuwa ya riga ya shiga jini. Ƙodarsa ta tsaya, ya rasu wata safiya ina wurin karɓo magani.

A wurinmu maza ke wanke namiji su sa masa tufafinsa. Ƙanena ya zo gida ɗaukar kaya: farar riga, wandon majami'a, hular da yake so. Na ga ya buɗe akwati yana laluben na ciki, ya ciro ɗaya daga cikin ɗinkin Mama da ya dawo a jakar tafiya, an wanke amma tabon bai fita ba. Na karɓe shi daga hannunsa. Na je kan keke, inda ukun nan suke tun ranar da aka tafi, ba wanda ya taɓa su. Na ɗauki na sama, yadda Baba ya ninke shi, na miƙa masa a fili, ba leda, ga matan zumunta cike da tsakar gida.

"Wannan kamfan za ku sa wa Baba," na ce, yadda kowa zai ji.

Matan suka sunkuyar da kai. Ƙanena ya karɓa da sauri ya cusa shi ƙarƙashin farar rigar don kada a gani, ya fita.